Matuƙin jirgin sama, da matan da suka shiga wannan sana'a

Matuƙin jirgin sama shi ne wanda ya samu horo da lasisi na tashi da jirgi, ya bi da shi hanya, ya kuma sauke shi lafiya. A Katsina da Daura yawanci direban jirgi ake cewa, 'yan boko kuma su ce failot. Jirgin fasinja ba mutum ɗaya ke tuƙa shi ba, aƙalla biyu ne a ɗakin tuƙi: kyaftin mai zane huɗu a kafaɗa yana zama hagu, mataimakinsa a dama, galibi da zane uku. Kuma ba wai kyaftin ne ke tuƙi kullum ba, karɓa-karɓa suke, in wannan ya kai jirgin Abuja wancan zai dawo da shi, wanda bai riƙe tuƙin ba shi ke magana da hasumiyar kula da jirage yana sa ido kan agogunan da ke gabansu.

Jirgin sama ya fara sauka a Najeriya ne a Kano, a 1925, jiragen sojan Ingila ne. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya an kafa ta a 1964, har yau dai ita ce uwa a wannan fanni. Mu nan Katsina yawancinmu ta jigilar alhazai muka san jirgi a kusa, a filin jirgi na Umaru Musa 'Yar'adua, sai kuma kamfanin Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal. Hadi Sirika ma da ya riƙe ministan sufurin jiragen sama har 2023, ɗan jihar nan ne kuma matuƙi ne.

Yadda ake zama matuƙi

Hawa-hawa ake yi. Akwai ƙaramin lasisi na tuƙa jirgi ba don kuɗi ba, wanda ake samu bayan tashi na awa 40 ko sama, sai lasisin kasuwanci da ke neman wajen awa 200, shi ne zai ba ka damar a ɗauke ka aiki. Babban lasisin da ake zama kyaftin da shi kuwa sai mutum ya tara awa 1,500 a sama. Hukumar NCAA mai kula da harkar jiragen sama ke bayar da lasisin a Najeriya. Bayan duk wannan kowane samfurin jirgi da nashi kwas, wanda ya iya Boeing 737 ba zai shiga Airbus ya kama tuƙi ba sai ya koma aji, kuma wannan kwas ɗin shi ke karya matasa da yawa, sun gama Zariya da lasisi a hannu amma babu kuɗin ci gaba, kamfanoni kuma mai awoyi suke nema, ga shi awoyin ba sa taruwa sai an ɗauke ka. Turanci dole ne, don shi ne harshen rediyo a sararin duniya, lokaci ma ba da agogon gida suke aiki ba, da agogon GMT ne wanda Najeriya ke gabansa da awa ɗaya.

Jarrabawa kuma ba ta ƙarewa. Likita zai duba ido da kunne da zuciya da jini aƙalla sau ɗaya a shekara, ranar da aka ga abin da bai yi ba to an sauke ka sai ka warke. Duk bayan wata shida a shigar da mutum simuleta, wani ɗaki da aka ƙera kamar kan jirgi sak, a kashe masa inji ɗaya, a ta da gobara, a rufe shi da hadari, a ga me zai yi. A shekara 65 ake ajiye tuƙin jiragen fasinja na ƙasa da ƙasa.

Ranar aiki

Wanda ya taɓa raka maniyyaci filin jirgi ya tsaya ya lura zai ga wani da riga mai ƙyalli yana zagaya jirgi a ƙasa kafin a tashi, in dare ne da cocila a hannu, yana leƙa bakin inji, ya duƙa ya haska tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga kai ya dubi fiffike. Sau da yawa ɗaya daga cikin matuƙan ne. Kada a ga kamar ƙaramin abu ne, a ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda zai kai su Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashi, mutum 261 suka rasu, Allah ya jiƙansu, kuma bincike ya nuna tayoyi ne da iskarsu ba ta cika ba suka fashe, wuta ta kama su, ta bazu bayan an naɗe su cikin jirgin.

Kafin wannan zagayen matuƙan sun karanta rahoton yanayi, sun lissafa mai: na tafiya, na juyawa wani filin in an kasa sauka, da na ko-ta-kwana. Mu a arewa hazo ne babban abokin gaba, daga Disamba zuwa Fabrairu za ka ga an soke tashi fasinja na ta faɗa, alhali matuƙin da bai hango titin sauka ba doka ta ce ya sake tashi ko ya nufi wani gari. Zafin bazara ma yana da nashi, iska mai zafi ba ta ɗaukar jirgi kamar mai sanyi, shi ya sa wani lokaci ake rage kaya. In an kai sama, ƙafa dubu 30 zuwa 40, na'ura ce ke riƙe jirgin mafi yawan lokaci amma ido ba ya barin ta. Ƙasa da ƙafa dubu 10 kuwa an hana hira, maganar aiki kaɗai.

Abin da ya fi wahala ba tuƙin ba ne, gajiya ce. Tashin asuba yau, kwanan otal gobe, Sallah ta same ka a wata ƙasa, suna da biki duk a ba ka labari. Shi ya sa aka iyakance awoyin tashi, a ƙasashe da yawa ba a wuce kimanin awa 100 cikin kwana 28.

Akwai darasi ɗaya da nake ganin ya shafe mu Hausawa kai tsaye. A 1977 jirage biyu suka yi karo a kan titi a tsibirin Tenerife cikin hazo, mutum 583 suka mutu, babban kyaftin ya fara gudun tashi ba a ba shi izini ba, na ƙasa da shi ya nuna shakka amma bai dage ba. Tun daga nan aka canza tarbiyyar matuƙa, ƙarami dole ya buɗe baki ya ce wa babba ka yi kuskure, babba kuma dole ya saurara. Mu an raine mu da kunya da kawaici gaban manya, abu ne mai kyau a zaure, amma a ɗakin tuƙi yana iya cin rai, kuma ɗiya mace da aka saba ce mata yi shiru ita ce za ta fi shan aikin koyon wannan.

Mata a tuƙin jirgi

Ba sabon abu ba ne ko kaɗan. Raymonde de Laroche 'yar Faransa ta karɓi lasisi tun 1910. Bessie Coleman baƙar fata ce 'yar Amurka, makarantun ƙasarta suka ƙi karɓarta, ta koyi Faransanci ta tafi Faransa ta samo nata a 1921. Lotfia Elnadi ta Masar ta samu a 1933, Musulma ce, kuma aikin ofis ta yi a makarantar don ta biya kuɗin karatun.

A Najeriya Kyaftin Chinyere Kalu ce mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, a Zariya ta koya, daga baya a 2011 ta zama shugabar kwalejin gaba ɗaya. A soja akwai Blessing Liman 'yar jihar Kaduna, matuƙiya ta farko a rundunar sojin sama, sai Kafayat Sanni mai jirgin yaƙi da Tolulope Arotile mai helikwafta na yaƙi da aka liƙa wa fiffike, wato alamar gama horon tuƙi, a 2019. Tolulope ta rasu a Kaduna a 2020, mota ce ta buge ta, tana da shekara 24 kacal.

Duk da haka mata kusan 5 ne cikin 100 na matuƙan jiragen fasinja a duniya, Indiya ce ke gaba da sama da 12 cikin 100. Dalilin ba ƙarfi ba ne, jiragen yanzu na'ura ke motsa fukafukansu, natsuwa da lissafi da bin ƙa'ida ake so. Kuɗi ne na farko, gidan da zai iya biya sau da yawa ɗa namiji zai biya wa. Na biyu maganar mutane, wa zai auri mai kwana a otal, wa zai riƙe mata 'ya'ya, kuma gaskiya tambayar renon ba ta banza ba ce, tana buƙatar miji da dangi masu fahimta kamar dai yadda likita mai aikin dare ke buƙata. Juna biyu ba ya kashe lasisi, a ƙasashe da dama mace na iya tashi har wajen mako na 26 in likita ya amince, sai ta huta, bayan haihuwa a sake duba ta ta koma simuleta ta ci gaba.

Maganar sutura kuwa an riga an ga misali. A Fabrairun 2016 mata uku na kamfanin Royal Brunei, da lulluɓinsu a ka, suka sauke Boeing 787 a Jidda, lokacin mata ba su da izinin tuƙa mota a Saudiyya, sai 2018 aka ba su. Kamfanin jiragen Habasha shi ma a 2015 ya tashi jirgi daga Addis Ababa zuwa Bankok mata zalla tun daga matuƙa har masu hidima.

Yarinyar da ke sakandare a Katsina ko Daura ko Malumfashi tana da wannan buri, abin da za ta fara riƙewa shi ne kiredit a lissafi da fiziks da Turanci, sai lafiyar ido da kunne. Gilashi ba ya hana mutum, muddin yana gyara ganin yadda ake so, amma wanda ba ya bambance launuka da wuya ya wuce likita, gara a duba wannan tun kafin a kashe ko sisi. Zariyar kuma ba nisa, daga Funtuwa 'yar tafiya ce.