Cizon kaska ɗaya, sakamako daban: ina ruwan ƙwayoyin gado da zazzaɓin Kirimiya-Kwango?

Wane irin zazzaɓi ne wannan?

Bairos ne ke kawo shi, kaska jinsin Hyalomma ce kuma ke ɗaukarsa daga shanu, tumaki da awaki zuwa mutum. An fara bayyana cutar a Kirimiya a 1944, aka samu bairos ɗin a Kwango a 1956, sai a 1969 aka gane abu ɗaya ne. Bayan cizo alamu kan fito cikin kwana 1 zuwa 3, ba sa wuce 9. Idan jinin dabba ko na majinyaci aka taɓa, kwana 5 zuwa 6 ne, iyaka 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda suka kwanta kan rasu. Duk da haka gwajin jini a Turkiyya ya nuna da yawa sun kamu sun warke ba su ma sani ba. Wannan giɓin ne ya sa masana suka waiwayi gado.

Waɗanne ƙwayoyin gado ake zargi?

Na farko rukunin HLA, wanda ke kan kuromosom na 6, ɗaya daga cikin ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Aikinsa mai ban sha'awa ne. Idan bairos ya shiga ƙwayar hanta, ƙwayar kan daddatsa furotin ɗinsa ƙanana, kowane guntu amino asid (tubalan furotin) 8 zuwa 10, ta ɗora shi a ramin HLA, ta ɗaga shi a bayanta kamar tuta. Dakarun garkuwa da ake kira CD8 suna ganin tutar sai su kashe ƙwayar tun bairos bai gama hayayyafa ba. Amma fa ramin kowa da siffarsa. Mutum na gadon HLA-A, B da C daga uwa da uba, nau'o'insu kuwa dubbai ne a duniya. Wanda raminsa bai riƙe guntun wannan bairos da kyau ba, dakarunsa za su makara. Wani bincike a Turkiyya ya tarar nau'in A*02 ya fi yawa a majinyata, B*27 kuma ya fi ƙaranci, idan aka kwatanta da masu lafiya.

Na biyu masu gadin ƙofa, wato TLR, irin su TLR8 da TLR9, waɗanda ke shinshino baƙon abu su sa jiki ya saki intaferon, sinadarin da ke tare bairos tun a kwanakin farko. An danganta wasu sauye-sauye a cikinsu da tsananin cutar.

Mece ce hujja mafi ƙarfi?

Ta ɓeraye ce. Ɓeran ɗakin gwaji mai lafiya da wuya wannan bairos ya kwantar da shi. Da zarar an cire masa ƙwayar gadon da ke karɓar saƙon intaferon, ko ta STAT1, wadda ke isar da saƙon cikin ƙwaya, sai ya mutu cikin 'yan kwanaki, hanta a lalace. Ke nan kwanakin farko su ne fagen daga.

Me ke lalacewa a jikin wanda cutar ta tsananta?

Garkuwa ta makara, sannan ta wuce gona da iri. Bairos ya yi yawa a jini, sinadaran kumburi irin su IL-6 da TNF su hauhawa, bangon jijiyoyi ya fara yoyo, ƙwayoyin da ke daskarar da jini su faɗi, wani lokaci ƙasa da 20,000 a maikirolita alhali lafiyayye yana da sama da 150,000. Daga nan haɓo, jini a dasashi, manyan tabo baƙi-baƙi a hannu inda aka yi allura. Waɗanda suka rasu galibi ba a samun makarin cutar da garkuwa ke samarwa a jininsu sai kaɗan, kuma mutuwa ta fi aukuwa a mako na biyu.

To, in je in yi gwajin gado?

A'a, kuma muna faɗa da babbar murya. Binciken da aka yi kan mutane ƙanana ne, yawancinsu daga ƙasa ɗaya, kuma alaƙa ba hukunci ba ce. A*02 na cikin nau'o'in da suka fi yawa a bil'adama. Yawan bairos ɗin da ya shiga, nau'insa, da saurin kai mutum asibiti duk suna da nasu kaso. Abin da muke tsoro shi ne mahauci ko ma'aikaciyar jinya su ɗauka jininsu mai ƙarfi ne su ajiye safar hannu.

Idan kaska ta maƙale fa?

A kama ta da hantsaki dab da fata, a ja a hankali a miƙe, kada a murɗa. Kada a ƙona ta, kada a shafa mata mai, kada a fasa ta da farce, domin jininta na iya ɗauke da bairos. A wanke wurin da sabulu, a rubuta ranar. Idan zazzaɓi, ciwon kai ko ciwon jiki suka zo cikin mako biyu, a tafi asibiti a ambaci cizon, a kuma guji asfirin da ibufurofen, don suna ƙara zubar jini.