Waiwaye: Yadda faifan CD ya mamaye duniya, mai maganaɗisu ya rasa kasuwa

Duk wanda ya taɓa ɗaga faifan CD ya karkata shi wajen haske ya ga launukan bakan gizo suna wasa a bayansa. Ba fenti ba ne. Wasu 'yan ramuka ne da ido ba ya gani, jere a layi ɗaya da ya nannaɗe daga tsakiya zuwa gefe, wanda in an miƙe shi zai haura kilomita 5. Su ne hasken leza ke karantawa ya mayar waƙa ko fim.

Kamfanin Philips na Holan da Sony na Japan ne suka haɗa kai suka tsara faifan, bayan LaserDisc na 1978 da ya zo da girma kamar faifan garmaho, bai kuma samu karɓuwa sosai ba. A watan Agustan 1982 aka fara buga CD a masana'antar PolyGram da ke Langenhagen kusa da Hanoba a Jamus, a watan Oktoba kuma Sony ya fitar da na'urar CDP-101 a Japan. Faɗin faifan santimita 12, yana ɗaukar sauti na minti 74.

A ganina, sirrin nasararsa yana wajen ƙira. Sau ɗaya ake shan wahala: a zana ramukan da leza a kan farantin gilashi, a fitar da hatimi na ƙarfen nikel daga jikinsa. Daga nan sai bugu. A narka robar da ake kira polikabonet, a tura ta cikin mazubi, hatimin ya danne ta, cikin 'yan daƙiƙoƙi faifai ya fito. A shafa masa alminiyon mai sheƙi, a rufe da ɗan siririn shafe na kariya, a buga suna a kai. Shi ya sa ma karcewar gefen rubutu ta fi ɓata faifai, domin ramukan suna dab da nan, alhali mu bayan muke ta gogewa da gefen riga.

Shi kuwa faifai mai haɗa leza da maganaɗisu, hanyarsa daban. Leza ta gasa ɗan ɗigo har ya kai zafin da maganaɗisunsa ke saki, sai a juya masa alƙibla kafin ya huce. Wajen karatu kuma an dogara da abin da masanin Sikotilan John Kerr ya gano a 1877, cewa haske na ɗan murɗewa in ya dawo daga jikin maganaɗisu. Ana gogewa a sake rubutu sau ba adadi, ga shi cikin gidan roba da ke kare shi daga ƙura. Kwamfutar NeXT ta 1988 ta zo da irinsa na Canon mai megabayit 256, Sony kuma ya fitar da MiniDisc a 1992. Ya yi ƙarko, kuma ina jin takaicin yadda ya ƙare, amma tsadarsa da ta na'urarsa suka kayar da shi da CD-R mai araha, wato faifan da mutum zai iya ƙona abu a kai da kansa, ya cika kasuwa.

Arahar nan ce ta iso mana. Video CD na 1993 ya ture kaset a harkar finafinan Hausa, Kasuwar Ƙofar Wambai ta cika da faifai, wa'azi da karatun Alƙur'ani suka bi sahu. Sai dai abin da ya sauƙaƙa bugu shi ya sauƙaƙa satar fasaha, furodusoshi da dama suka ji a jikinsu. DVD mai gigabayit 4.7 da Blu-ray na 2006 mai 25 sun ƙara ɗauka ta hanyar matse ramukan, amma waya da masu tura fim a memori sun riga sun ƙwace masu saye. A farkon 2025 Sony ya daina ƙera faifan MiniDisc da na Blu-ray waɗanda ake ɗaukar abu a kansu.

Abin da ke damuna shi ne faifan da aka ƙona a shago. Shi ba ramuka gare shi ba, rini ne leza ta ƙona, kuma zafi da rana suna cin rinin. Kwanaki na ciro na bikin yayata daga cikin kwalla, an rubuta kwanan wata da maka a kai. Ya yi ta juyawa a na'ura, hoton ya tsaya cak daidai shigowar amarya, bai ƙara gaba ba.