Me ake nufi da "cult film"?

Duk sanda na ce wa wani fim kaza "cult film" ne sai in ga ya zaro ido, don mu a Najeriya da an ambaci kalmar nan tunanin mutum ya tafi kan 'yan ƙungiyar asiri na jami'o'i. To ba nan aka nufa ba sam. A harkar fim ana nufin fim ɗin da wasu 'yan tsiraru suka riƙe gam, galibi ma bai yi kasuwa ba da ya fito, amma su suna kallo suna maimaitawa har sun haddace maganganun ciki, shekara da shekaru ba su gaji ba, kuma su ne ke jawo na baya.

Finafinan Ingila masu haɗa ban tsoro da ban dariya sun yi suna a nan. Ɗauki The Rocky Horror Picture Show na 1975, wanda aka ɗauka a Bray Studios da wani tsohon gida mai suna Oakley Court, wuraren da kamfanin Hammer ya saba yin finafinansa na tsoro. Da ya fito bai ja mutane ba, sai a 1976 gidan silima na Waverly a New York ya fara haska shi da tsakar dare, daga nan labari ya sauya, mutane su zo da shigar 'yan wasan, ana ɗaurin aure a allo su watsa shinkafa, ana ruwan sama su rufe kai da jarida, suna mayar wa 'yan fim magana da ƙarfi. Har yau ana yi. Ba fim ɗin kallo da yara ba ne fa, gara in faɗa.

Amma ba dole sai fim ya faɗi a kasuwa ba, riƙon amanar masoya ne ma'aunin. Ni wanda ya fi shiga raina shi ne Theatre of Blood na 1973. Vincent Price ya fito a ɗan wasan daɓe da masu sharhi suka wulaƙanta, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kashewa irin yadda ake mutuwa a wasannin Shakespeare. Akwai wani mai sharhi da Price ya dafa masa karnukansa biyu da yake ji da su kamar 'ya'ya, ya ɗura masa. Wallahi kana dariya tsigar jikinka na tashi, na kalli wurin nan ya fi a ƙirga kuma har yanzu sai na kau da kai.