An kwashe miki littafi an zuba a YouTube, me doka ta ce?

Kusan kullum sai ka ji marubuciya na kuka, ta kwana tana taifin a waya har yatsa ya yi tsami, ta sa littafinta na kuɗi, washegari ta tsince shi yana yawo a gurup goma kyauta, ko wani ya karanta shi da murya ya ɗora a YouTube yana cin kuɗin talla. Ga tambayoyin da aka fi yi kan haƙƙin mallaka.

Wai sai na yi rajista kafin littafin ya zama nawa a doka?

A'a. Da zarar kin rubuta shi, a takarda ne ko a waya, haƙƙin ya hau kanki. Haka dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tsara, wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar ta 1988. Akwai hukumar da ke kula da wannan harka, NCC, kar a haɗa ta da NCC ɗin nan ta layukan waya, sunan ne kawai ya zo ɗaya. Suna yin rajista ga mai so, amfaninta shi ne ranar da rigima ta tashi kina da takardar nunawa. Ko ba ki yi ba dai ki adana rubutunki na farko da kwanan watansa, kar ki goge.

To ai na rubuta sunan marubuciyar a sama, har addu'a na yi mata, ina laifina?

Nan mutane suka fi ruɗewa wallahi. Ambaton suna haƙƙi ne daban, neman izini ma daban. Ka ɗauki babur ɗin maƙwabci ba da saninsa ba ka yi acaɓa da shi wuni guda, kana faɗa wa duk fasinjan da ya hau cewa na Malam wane ne, kuɗin kuma yana aljihunka, ai ba ka fita ba. Kwafar littafi, rarraba shi, fassara shi, mayar da shi odiyo ko fim, duk mai shi ne kaɗai ke da ikon yi ko ya ba wani izini. Wanda kuma ya cire sunan ya sa nasa, ko ya canza sunayen taurarin ya ce shi ya ƙirƙira, wannan laifi biyu ya haɗa.

Ni fa da kuɗina na saya, ba zan tura wa ƙawata ba?

Kin sayi damar karantawa ne, ba ki sayi littafin kacokan ba. Na takarda kina iya ba da aro tunda guda ɗaya ne, yana hannunta ba ya hannunki. Na waya kuwa kina turawa ya zama biyu, ita ma ta tura ya zama ɗari. 'Yan fim sun ɗanɗana wannan, lokacin da tura fim a memori ya zama sana'a kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ai kwanciya ta yi.

Wata ta yi labarin kishiya da uwar miji irin nawa, sata ce?

Ba lallai ba. Doka ba ta kare jigo ko tunanin da ke ka, yadda kika zuba shi a rubuce take karewa. Auren dole, ɗan mai kuɗi da 'yar talaka, na kowa ne. Amma in shafi-shafi ne aka ɗebe, zance iri ɗaya, tsari iri ɗaya, to magana ta canza.

Kenan ko layi biyu ba za a ɗauka ba?

Ana ɗauka. Ɗalibi mai bincike, mai sharhin littafi, ɗan jarida, duk doka ta ba su dama su tsakuro kaɗan su faɗi inda suka samo. Tsakure fa, ba a juye buhun gaba ɗaya ba.

Furodusa ya ce zai yi fim da labarina, mun gama magana a waya.

Ki ce a rubuta. Doka ta ce sayar da haƙƙi gaba ɗaya, ko ba mutum ɗaya izinin da ba wanda zai yi tarayya da shi, sai a rubuce yake tabbata. A fayyace nawa ne, fim ɗaya ne ko mai dogon zango, shekara nawa, za a sa sunanki ko a'a, in an ɗora a intanet kina da kaso ko babu. Na san kunya ke hana mu, kar a ce ba ka yarda da mutum ba, to amma ranar da fim ya yi kasuwa kowa abin da ya tuna daban.

Har yaushe haƙƙin yake?

Rubutu da waƙa, tsawon ran mai shi da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma gado ne, magada ke ci. Mamman Shata ya rasu a 1999, ka ga baitocinsa suna da kariya har ƙarshen 2069. Fim da hoto da sautin da aka naɗa nasu shekara 50 ne daga fitowarsu.

In a wata ƙasa ɓarawon yake fa?

Najeriya ta shiga yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe tun 1993, Nijar ma tana ciki, don haka aikinki yana da kariya a can kamar na ɗan ƙasa. Binsa ne dai aiki.

Yanzu an riga an sace, me zan yi?

Fara tara hujja kafin ki yi magana, ki ɗauki hoton shafin da sunan tashar da ranar da aka ɗora, don kina tsawa zai goge ya ce bai san zancen ba. Sai ki tura masa saƙo ya sauke. In ya yi kunnen uwar shegu, YouTube da Facebook duk suna da fom na ƙorafin satar fasaha, ki cike, suna saukewa, kuma tashar da aka kama sau uku a YouTube rufe ta ake yi. Sabuwar dokar ma ta ɗora wa masu irin waɗannan kafafen nauyin cire abu in mai shi ya kai kuka. In abin babba ne ki kai wa NCC ko ki nemi lauya, Babbar Kotun Tarayya ce ke jin irin wannan shari'a, tana iya hana shi ci gaba ta kuma sa ya biya diyya. WhatsApp ne dai ciwon kan, littafi in ya shiga gurup kamo shi sai Allah, shi ya sa wasu marubutan yanzu suke sa lambar mai saye a jikin kowane kwafi don a san ta hannun wa ya fita.