Ahab, Sarkin Isra'ila

Ahab ɗan Omri shi ne sarki na bakwai a masarautar Isra'ila ta arewa. Ya yi shekara 22 yana sarauta a Samariya, wajen 874 zuwa 853 kafin haihuwar Almasihu. Labarinsa yana cikin littafin 1 Sarakuna na Littafi Mai Tsarki, sura 16 zuwa 22, inda aka shaide shi da cewa ya fi duk sarakunan da suka riga shi mugunta. Shi ya sa Kiristoci ke yawan kawo shi misali idan ana wa'azi a kan aminci da tawaye.

Ta fuskar mulki, Ahab ba rago ba ne. Wani rubutun dutse na Shalmanesar na Uku, sarkin Assuriya, ya ambaci Ahab cikin sarakunan da suka tare Assuriyawa a yaƙin Ƙarƙar a 853, da karusa 2,000 da mayaƙa 10,000. Ya gina birane, har da gidan da aka ƙawata da hauren giwa. Amma marubucin Sarakuna bai tsaya kan wannan ba, ya duƙufa kan aurensa da Yezebel, 'yar Etba'al sarkin Sidoniyawa, da haikalin gunkin Ba'al da ya gina a Samariya.

Ahab bai taɓa rasa mai gaya masa gaskiya ba, kuma nan ne masu tafsiri suka fi tsayawa. Annabi Iliya ya sanar da shi za a yi fari, wato rashin ruwan sama, tun kafin ya zo. A Dutsen Karmel yana wurin lokacin da annabawan Ba'al 450 suka wuni suna kira ba amsa, wuta kuma ta sauko a kan hadayar Iliya. Duk da haka da ya koma gida, Yezebel ya je ya kwashe wa labari. A cikin fadar nan tasa kuwa akwai wakilinsa Obadiya, wanda ya ɓoye annabawan Ubangiji 100 a kogo, hamsin-hamsin, yana ci da su a asirce. Sarki da bawansa suna inuwa ɗaya, kowa da abin da ya zaɓa.

Batun gonar Nabot ya fi fito da halinsa. Nabot mutumin Yezreyel ya ƙi sayar masa da gonar inabi, domin gadon kakanninsa ce. Sai sarki guda ya je ya kwanta, ya juya fuska, ya ƙi cin abinci kamar yaron da aka hana tsire. Yezebel ta rubuta wasiƙu da sunansa, ta buga hatiminsa, aka kawo shaidun zur biyu, aka jajjefe Nabot. Ahab bai ɗaga dutse ko ɗaya ba, amma ya tashi ya karɓi gonar, Iliya kuma shi ya ɗora wa jinin. Daga nan ake koyar da cewa wanda ya yi shiru ya ci ribar zalunci yana da hannu a ciki.

Sau ɗaya Ahab ya ƙasƙantar da kansa: ya yage rigarsa, ya sa tsummoki, ya yi azumi, Allah kuwa ya jinkirta hukuncin zuwa zamanin ɗansa. Tubar ba ta yi nisa ba. Da zai fita yaƙin Ramot-gileyad tare da Yehoshafat sarkin Yahuza, annabawa wajen 400 suka yi masa albishirin nasara. Annabi Mikaiya kaɗai ya ce ba zai dawo lafiya ba, sarki ya sa aka kulle shi. Ya ɓad da kama ya shiga fagen fama, wata kibiya da aka harba ba saiti ta same shi a mahaɗin sulke, ya mutu da yamma.

Ɗansa Ahaziya ya gaje shi, sannan wani ɗansa Yoram. Wajen 841 Yehu, wani shugaban sojoji, ya yi juyin mulki, ya kashe Yoram da Yezebel, ya shafe zuriyar gidan.