Horon Haƙar Rijiyar Mai ta Kwance

Haƙa ta kwance hanya ce ta haƙo ɗanyen mai ko iskar gas wadda ake fara ramin a tsaye, sannan a riƙa karkatar da shi sannu a hankali har ya kwanta ya bi cikin shimfiɗar dutsen da ke riƙe da man. Shimfiɗar nan takan zama siririya amma mai faɗi. Rijiyar tsaye huda ta take yi ta wuce, ta kwance kuwa tana iya bin ta kilomita ɗaya ko biyu ko fiye, sai mai ya sami kafar kwararowa. Da wannan dabara, haɗe da fasa dutse da ƙarfin ruwa, Amurka ta bunƙasa haƙar gas a yankin Barnett na jihar Tekzas a farkon shekarun 2000.

Wahalar aikin ita ce mai haƙa ba ya ganin inda yake zuwa. Mai haƙar burtsatse a fadamar Argungu yana duba yashin da ya fito ya san ya kusa ruwa. Mai haƙar mai kuwa bakin injinsa na can nisan kilomitoci, sai na'urorin da ke kusa da bakin su auna karkata da alkibla da irin dutsen, su aiko da saƙo ta cikin ruwan lakar da ake turawa a bututu. Da wannan saƙo ake tuƙa rijiyar. Ƙaramin kuskure ya isa ya fitar da ita daga dutsen mai ta faɗa na ruwa.

Don haka horon ya ƙunshi lissafin tsara hanyar rijiya, sanin duwatsu, haɗa ruwan laka, da share tsakuwar da ke kwanciya a ɓangaren da ya kwanta, wadda kan maƙale bututu idan aka yi sake. Amma darasin da ya fi kowanne nauyi shi ne tsare rijiya daga ɓarkewa, wato gane lokacin da gas ya fara shigowa, a rufe ta kafin ya fi ƙarfi. Ana koyar da shi a kan na'urar kwaikwayo, kuma ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa na harkar haƙar mai irin su IWCF da IADC ke ba da shaidarsa. Ɓarkewar rijiyar Macondo a tekun Meziko a 2010, wadda ta ci rayukan ma'aikata 11, ta sa an ƙara tsananta shi, kuma hakan daidai ne.

A Najeriya, Cibiyar Horar da Ma'aikatan Man Fetur ta PTI da ke Effurun a jihar Delta ta daɗe tana wannan aiki, asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur, wato PTDF, kuma yana ba da tallafin karatu a fannin.

Ga matasan Kebbi da Zamfara, batun ba na nesa ba ne. Kwarin Sakkwato, wanda ya haɗa da Kebbi da wani sashe na Zamfara, yana cikin yankunan da ake fatan samun mai, kuma dokar man fetur ta 2021 ta ware asusu don bincike a irinsu. Tuni aka ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe a 2022. Wanda ya karanci injiniyanci ko ilimin duwatsu yana da tushen da zai nemi wannan horo da shi, sai dai takarda ba ta wadatarwa: kamfanoni sukan fara sa sabon shiga a aikin sa ido kan na'urorin aunawa a bakin rijiya, ya yi shekaru a ƙarƙashin gwani kafin a damƙa masa tuƙin haƙa.