Sauya sinadaran tsirrai ta hanyar funfuna

Wannan wata dabara ce ta haɗa magunguna da kayan ƙamshi, inda ake rainon funfuna, wato dangin naman gwari, a cikin ruwan abinci, sannan a zuba mata sinadarin da aka tatso daga tsiro. Enzayim ɗin da ke jikinta, wato furotin mai hanzarta sauya sinadarai, sai ya taɓa wuri ɗaya tak a ƙirar sinadarin, galibi ya liƙa masa oksijin, ya bar sauran yadda suke. Wannan zaɓen wuri shi ne abin da ke yi wa masu ilimin sinadarai wuya idan da hannunsu za su yi.

Tarihi

Tun a 1867 masanin tsirrai na Faransa Philippe van Tieghem ya nuna cewa funfuna ce ke farfasa tanin, sinadarin jima irin na bagaruwa, ta mai da shi asid na galik.

Amma abin ya samu gindin zama ne ta dalilin kotizon, wani magani daga rukunin sinadaran da ake kira sitiroyid. Wajajen 1949 aka gano yana sauƙaƙa ciwon gaɓoɓi, sai dai daga matsarmamar shanu ake haɗa shi, ta matakai fiye da 30, ga tsada mai yawa. Matsalar duk tana kan sanya oksijin a gurbi na 11 na ƙirar sitiroyid. A 1952 Durey Peterson da Herbert Murray na kamfanin Upjohn da ke Kalamazoo a Amurka suka bayyana cewa funfunar Rhizopus arrhizus tana yin wannan aiki a mataki ɗaya a kan furojestaron, wani sitiroyid da daga shi ake ci gaba a haɗa kotizon. Shi kuwa furojestaron ana samunsa da araha daga sinadarin diyosjenin na doyar daji ta Meziko, daga baya kuma daga waken soya. Cikin 'yan shekaru kuɗin kotizon ya faɗi warwas, talaka ya iya samunsa. An kuma yi amfani da funfunar Curvularia lunata wajen haɗa haidirokotizon, ɗan'uwan kotizon.

Sauran amfani

A shekarun 1990 masu bincike a Faransa sun samar da banilin, sinadarin ƙamshin banila, daga asid na ferulik da ake samu a tsirrai, ta amfani da funfuna iri biyu: Aspergillus niger ta fara, Pycnoporus cinnabarinus ta ƙarasa. Ana kuma gwada magunguna da funfunar Cunninghamella elegans, domin tana sarrafa su kusan yadda hantar ɗan Adam ke yi.

Cikas

Sinadarai da yawa ba sa narkewa a ruwa, wasu kuma guba ne ga funfunar idan sun yi yawa. Ƙasashe sun sha bamban kan ko ƙamshin da aka samu haka ya cancanci a kira shi “na asali”.